Tayar baya ta tseren kwata mil: abin da na gani a Mickey Thompson ET Street R

Maganar gaskiya in kana da mota mai jan baya, giya otomatik, kuma kana kai ta filin tseren kwata mil a nan Amurka, toh Mickey Thompson ET Street R kwalliya ce da ke biyan kuɗin sabulu. Amma fa da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane basa son ji, sai ka haƙura da ƙaton rim ɗinka mai sheƙi ka sauko ƙarami, don ba faɗin taya kaɗai ke sa ta kama ƙasa ba kamar yadda yawancin mu muka ɗauka, tsayin gefenta da laushinsa su ne kan gaba.

Ga waɗanda basu san wasan ba, motoci biyu ake jerawa a layi, fitila ta kawo kore kowa ya take totur ya miƙe ɗoɗar, mita 402, wasu filayen ma rabin haka ne, mita 201. Ba kwana ba komai. In ka gama sai ka biya ta wani ɗan ɗaki a miƙo ma 'yar takarda cike da lambobi, kuma lambar da 'yan wasan ke fara dubawa ba ta ƙarshe bace, ta farkon ce, wato sakan nawa ka ɗauka kafin ka ci ƙafa 60 na farko, kusan mita 18 kenan. A nan ake cin tsere a nan ake shan kaye. Lissafin da kowa ke yi a fili shine duk 0.1 da ka rage a ƙafa 60 ɗin nan zai dawo ma da wajen 0.15 zuwa 0.2 a ƙarshen layi, kaga kenan wanda ya tashi da kyau ko injinsa bai kai naka ba sai dai ka hango danjarsa.

Motata Mustang GT ce ta 2013, injin 5.0 wanda daga kamfani yake zuwa da ƙarfin doki 420, giya shida otomatik, na ɗora mata sufacaja ta ƙara ƙarfi sosai. Da tayar titi ta yau da kullum in na take sai dai ƙara da hayaƙi, tayoyin baya na ta wulwulawa a wuri ɗaya motar na karkacewa gefe, dole in ɗaga ƙafa in lallaɓa ta kafin ta kama, ƙafa 60 ɗina yana yawo ne a wajen sakan 2 ko sama da haka. Da na sa ET Street R mai lamba 275/60R15 a rim inci 15 mai faɗin inci 10, ban taɓa komai a inji ba, lambar ta sauko wajen 1.6. Wanda bai taɓa zama a ciki ba bazai gane bambancin ba, gaban motar ne ke ɗagawa, kanka ya bugi kujera, ba ƙara ba hayaƙi, kawai ka ga ka tafi.

Bara in ɗan tsaya a maganar gefen taya don nan ne kuɗinka yake. Lokacin da ka take totur daga tsaye, duk ƙarfin injin a lokaci guda yake dukan tayar, kamar an fizge ta. In gefenta gajere ne mai tauri irin na rim inci 19 ko 20 babu inda dukan zai je sai wajen da roba ta haɗu da kwalta, nan take ta suɓuce. In kuwa gefen dogo ne mai laushi, shi zai fara murɗewa ya shanye dukan, rim ya ɗan riga tayar juyawa, nauyin motar ya koma baya ya danne ta, sai tafin tayar ya baje ya ƙara tsawo a ƙasa, kafin nan ta riga ta damƙi kwaltar. In ka durƙusa a gefen layi ka kalli mota mai ƙarfi tana tashi zaka ga gefen tayar ya yamutse yayi layi-layi na ɗan ƙiftawar ido sannan ya miƙe. Wannan yamutsewar ita kake saya.

Lambar jikin tayar ma ta gaya ma komai in ka iya karanta ta. 275 faɗi ne a milimita, 60 na nufin tsayin gefe kashi 60 cikin 100 na faɗin, wato milimita 165, sai 15 girman rim a inci. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama inci 28. Yanzu ɗauki 305/35R20 wadda samari ke rububi saboda ta fi faɗi kuma ta fi kyau a hoto, tsayinta ita ma wajen inci 28 ne da ɗan ɗori, amma gefenta milimita 107 ne kacal. Ta fi faɗi da milimita 30, gefe kuma ta gaza da kusan 60. A fili mai 275 ɗin nan ce ke tafiya ta bar ta, kuma akwai rukunin tsere guda da ake kira X275 wanda doka ce sai da taya mai faɗin 275, motoci masu ƙarfin doki sama da dubu ke tashi a kanta, toh ina kai mai ɗari shida da kake cewa ta ma kaɗan.

Ko kamfanin Dodge da kansa ya bi wannan hanyar. Challenger Demon ta 2018 mai ƙarfin doki 840 ta fito daga kamfani da Nitto NT05R mai lamba 315/40R18, ta yi kwata mil a sakan 9.65. Da suka zo fitar da Demon 170 a 2023 mai ƙarfin doki 1,025 basu ƙara faɗi ba ko kaɗan, rim ɗin baya suka rage zuwa 17 suka sa wannan ET Street R ɗin dai, 315/50R17, faɗi ɗaya gefe ya ƙaru, motar ta yi 8.91. Eh inji ma ya ƙaru, ba tayar kaɗai bace, amma duba inda injiniyoyinsu suka nufa da aka basu ƙarin ƙarfi su sauke a ƙasa.

Saidai ba kowace mota ce rim 15 ke shiga ba, birkin baya ne ke hanawa. A tawa sai da aka matsar da ƙarfen nan na baya mai hana mota tangaɗi kafin rim ɗin ya zauna. Masu Mustang daga 2015 zuwa sama da masu Charger da Challenger masu manyan birki yawanci 17 suke sawa, 305/45R17 ita ce ta fi yawa a wajensu kuma tsayinta kusan inci 28 ne ita ma. Ka auna kafin ka tura kuɗi, dan Allah. Sannan ka tuna tsayin taya yana canza giya, in ka tashi daga taya mai inci 26 ka koma 28, giyar baya mai 3.73 zata koma tana aiki tamkar 3.46, motar ta rage zafin tashi. Wa mai ƙarfi da yawa wannan alheri ne don yana rage wulwulawa, wa mai ƙaramin inji kuma sai ya ji motar ta yi nauyi.

Iska. Nan ne ake ɓata tayar nan a zo ana zaginta a banza. Wani zai ga manyan motocin Top Fuel da tayoyinsu na Goodyear suna tashi da iska ƙasa da PSI 10, ma'aunin iskar taya kenan, sai ya zo ya sace tasa har 10 ko 12, alhali waccan wata irin taya ce daban. Radiyal kuwa, wato irin tawa mai R a cikin lambar girmanta, in ka rage mata iska fiye da kima tsakiyar tafin ne ke lotsawa sama, gefe da gefe kawai ke taɓa ƙasa, ka rasa kamun da kake nema, ga motar na lilo a ƙarshen layi inda gudu yafi yawa. Ni daga 20 nake farawa in dinga ragewa rabi-rabi ina duba takarda, tawa tafi jin daɗi tsakanin 17 da 18, in filin ya sha gam ɗin da ake fesa masa don taya ta kama sosai har ƙara mata nake. Ka sayi geji mai kyau na ƙaramar iska, ba irin na aljihu mai kama da biro ba, ka auna bayan kowane zagaye don zafi na ƙara iska, kuma tayar da ke gefen rana sai ta fi 'yar uwarta iska in motar ta daɗe a tsaye, wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa ya ja ka gefe. In zaka koma gida a kanta ka mayar da iskar titi.

Haka maganar ƙona taya. Kafin layi akwai wajen da ake watsa ruwa, ka jiƙa tayoyin baya ka ɗan matsa gaba ka juya su su share tsakuwa su ɗumama. Robar ET Street R, wadda suke kira R2, bata buƙatar dogon hayaƙi, da ka ga hayaƙi ya fara tashi sosai ka ƙirga kaɗan ka saki birki ka fita. Masu tsayawa suna turnuƙe fili don 'yan kallo su yi ihu, kuɗinsu kawai suke ƙonawa, robar in ta yi zafi da yawa maiƙo take fitarwa ta koma santsi. Wani abu kuma da ba'a faɗa wa sabon shiga, in tayoyin gabanka na titi ne masu zane kada ka bi ta cikin ruwan da su, kewaye shi ka dawo da baya, in ba haka ba zanen ya kwashi ruwa ya ɗiga ma a daidai inda tayar baya zata tashi, ka ɓata wa kanka ka ɓata wa na bayanka.

Yanzu ga inda nake cewa ba kowa ya kamata ya saye ta ba. Radiyal halinta ɗaya, ko ta kama gaba ɗaya ko ta suɓuce gaba ɗaya, kuma in ta suɓuce da wuya ta dawo sai ka ɗaga ƙafa. Otomatik tana sauke ƙarfi da ɗan sassauci shi yasa suke jituwa. Mai giyar hannu kuwa da zai ɗaga inji sama ya saki kuloci lokaci guda, dukan ya yi mata yawa, ko ta wulwula ko ta kama ta saki ta kama ta saki, bayan motar na tsalle yana bubbuga ƙasa, wannan tsallen shi ke karya aksul. Wa irin wannan tayar bayas ce magani, wadda zarenta ke gicciye gefenta kuma yafi laushi nesa ba kusa ba, tana iya ɗan juyawa a banza ta sake kamawa da kanta. Ita ET Street R ɗin akwai ta a bayas, sai ka lura da lambar, irin su 28x11.50-15 babu R a ciki. Ko kuma ka tafi silik gaba ɗaya, wadda bata da zane ko ɗaya, 28x10.5-15 ta Mickey Thompson ɗin ko ta Hoosier ko M&H, dukkansu tsofaffin hannu ne a harkar. Amma bayas na da nata, tana lilo a saman gudu, tana sace iska in ba tiyub, dole ka auna zagayen biyun da tef su zo kusan daidai, kuma ba'a so ka haɗa ta da radiyal a gaba, sai ka sayi siraran tayoyin gaba irin nata. Kuɗi ya ƙaru kenan.

Filin ma nada ta cewa. Manyan filaye irin Texas Motorplex da ke Ennis, wanda tun 1986 aka yi shi da kankare daga farko har ƙarshe, in ana babban wasa fesa gam ake a goge roba a kai har takalminka na mannewa in ka taka, a irin wannan radiyal sarauniya ce, tafi bayas sauri don bata jan ƙasa da yawa. A ƙananan filaye ranar gwaji na dare inda motocin titi suka yi ta bi suna kwashe gam ɗin, ko wasannin da da gangan ba'a gyara fili, nan zaka ga masu silik na dariya.

Tsakaninta da 'yan uwanta kuma, na hau motocin abokai masu ET Street S/S da masu Nitto NT555RII. S/S robarsu ɗaya da R amma zanenta yafi yawa, an yi ta ne wa mai tuƙa motarsa zuwa fili ya yi tsere ya tuƙo ta gida. Nitto ta fi su duka daɗewa da hankali a titi, lambar cin robarta 100 ce, ƙaramar lamba saurin cinyewa kenan, tayar gida kuwa 400 ko 500 zaka gani, ita R ma ba'a maganar wannan. A tashi daga tsaye dai R ce gaba, S/S na biye, Nitto na uku, a zaman lafiyar titi sai ka juya jerin. In motarka bata wuce ƙarfin doki 450 ba kuma ita ce ta zuwa aiki, wallahi Nitto ko S/S ta ishe ka, kada ka wahalar da kanka.

Don ita R ɗin duk da tana da hatimin DOT, wato ma'aikatar sufurin Amurka, na halascin hawa titi, zanen jikinta na cika doka ne kawai, 'yan tsagi ne ƙalilan. Ruwan sama ba nata bane ko kaɗan, in hadari ya haɗo kana kanta ka nemi waje ka faka. Tana kwasar tsakuwa tana watsa wa madigadi saboda danƙonta, a kwana kuma zaka ji bayan motar na ɗan rangaji saboda dogon gefen nan da muke yabo. Kamfanin da kansa ya hana a ɗora ta kan injin gwajin ƙarfi na daino, don zafi da matsewar rola na lalata ta daga ciki, in zaka je saitin inji ka mayar da tayar titi. Sanyi mai tsanani ma na fasa irin wannan robar, masu zama jihohin arewa su cire su shigar ɗaki lokacin ƙanƙara. Ni rim biyu daban na ware mata, ranar wasa in ɗaura, in an gama in kwance in jingine a gareji inda rana bata kaiwa. Kuɗinta kuwa lokacin da na saya biyun sun haura dala 600 banda rim, kuma ba tayar shekara da shekaru bace, ranar da ka ga lambar ƙafa 60 ta fara hawa alhali baka canza komai ba toh robar ta gaji ko da ido na nuna da saura.

In zaka saya ka duba lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 1524 kenan sati na 15 a 2024. Tayar tsere da ta kwana biyu a sito ta bushe bata da amfani ko da sabuwa ce fil, ta hannu kuwa ni bana ba da shawara sam, baka san sau nawa aka gasa ta ba.

Wajen ɗauri ma a kula. Wani shagon taya da na fara kaiwa yaron ya lafta man sulɓi a bakin rim kamar ba gobe, da na je fili sai rim ke juyawa a cikin taya. Yadda zaka gane shine ka ja layi da alli ko farin maka daga gefen taya zuwa rim daidai bawul, bayan ka tashi ka duba, in layin ya rabu tayar na zamewa. Ɗan motsi kaɗan a farko ba komai bane, in yaƙi tsayawa sai a kwance a wanke bakin a mayar kusan a bushe, masu ƙarfi sosai kuma su koma rim mai bidlok, wanda ke da zobe da notuna yana matse bakin tayar. Ka kai wa wanda ya saba da motocin tsere ko da yafi tsada.

Sannan ka shirya wa abin da zai biyo baya, don da can tayar titi ce ke ceton kayan ƙarƙashin motarka, in ƙarfi yayi yawa ta suɓuce shikenan. Yanzu da ta daina suɓucewa duk dukan yana komawa kan furofela da aksul da giyabos. Shi yasa dokar NHRA, ƙungiyar da ke tsara irin wannan tseren a Amurka, ta ce motar da ke cin kwata mil a sakan 13.99 ko ƙasa a kan silik sai an sa mata zoben ƙarfe mai tare furofela in ta karye, mai tayar titi kuma daga 11.49, hular kwano ita ma daga 13.99 take zama dole. Ni tun kafin in ɗaura tayar na sa zoben na canza hannayen aksul na ƙasa, shokazoba na baya kuma na sa masu saiti. Taya ita kaɗai zata baka kaso mafi yawa, amma in bayan motar na tsalle ba laifinta bane, bushin roba na hannayen ne suka saki.

Wani abokina mai Camaro giyar hannu ya ga takardata ya ce shi ma ita zai saya, na ce masa a'a, ya nemi bayas ɗinta ko silik ɗin Hoosier da siraran gaba, in kuɗin bai kai ba ya jira wata mai zuwa. Ni dai in wannan ta ƙare irinta zan sake ɗaurawa, 275/60R15 ɗin dai, bana ƙara faɗi.